Sa'ad da Ake Canja wa Katafila Bokiti

Duk wanda ya ratsa Sabon Gari a 'yan shekarun nan ya ga yadda ake rushe tsofaffin gidaje, ana gina benaye da shaguna a madadinsu. Tun wajen 1913 aka kafa unguwar, titunanta kuwa, irin su Aba Road da Enugu Road, ba domin manyan injuna aka yanka su ba. Duk da haka katafila mai haƙa ta zama 'yar gida. 'Ya'yanmu da yawa a gindinta suke samun abinci, waɗansu direbobi, waɗansu yaran direba.

Yaron direba shi ne abin damuwarmu. Katafila ɗaya takan yi aiki iri iri. Da safe a ɗaura mata babbar guduma ta fasa kankare, da yamma a cire, a mai da bokiti ta kwashe ɓaraguzai. Direba yana zaune cikin ɗakinsa na ƙarfe, amma mai ɗaurawa yana ƙasa, dab da bokitin. Bokitin katafila mai tan 20 ya fi buhun siminti goma nauyi.

Sanduna biyu na ƙarfe ne suke riƙe bokiti a hannun katafila. Kafin sanda ta shiga, sai ramuka sun yi daidai da juna, nan ne kuwa yaro yakan zura yatsa don ya ji ko sun daidaita. Hannun injin ya motsa kaɗan, yatsa ya tafi ke nan, gama ƙarfe biyun suna aiki kamar almakashi. Da ido ake dubawa, ko da guntun rodi. Lalle bokitin ya kasance a zaune a ƙasa mai lebur. Mutum ɗaya tak zai riƙa yi wa direba alama, in kuwa direba ya daina ganinsa, sai ya tsaya cik.

Waɗansu injunan da ake shigo da su suna da ƙugiya mai kama bokiti nan da nan, amma dole wani ya sa mata sakata da hannu. Gaggawa takan sa a manta. A Ingila bokitai sun suɓuce sun kashe ma'aikata ta haka, har masu sayar da injuna suka daina kawo sababbin ƙugiyoyi irin wannan a 2008. Tsofaffin ba su ƙare a duniya ba, mu kuwa injin na hannu muka fi saye. Saboda haka in an gama ɗaurawa, kowa ya ja da baya, direba ya danna bokitin a ƙasa, ya girgiza shi, sa'an nan ya sauko ya duba da idonsa.

Guduma tana da nata hatsarin, wato tiyon mai. Ƙarfin man da ke cikinsa ya ninka iskar tayar mota nesa ba kusa ba. Kafin a kwance tiyo, a kashe injin, a saki ƙarfin man, a bari ya huce. Kada a shafa tiyo da hannu ana neman inda yake yoyo. A kara masa kwali. Man yakan huda fata ya shige cikin nama, ya bar ɗan tabo kamar na allura. Iyaye, ku lura da wannan: in ɗanku ya dawo gida da irin wannan tabo, kada ku ce a shafa man zafi a jira gobe. A kai shi asibiti a daren, a gaya wa likita man injin ne ya shiga, gama sau da yawa sai an yi tiyata kafin a ceci hannun.

Sauran 'yan kallo. Mun sani a Sabon Gari katafila ba ta aiki ba taro, balle in an tashi daga makaranta. Titi ƙunci, bayan injin yana juyawa, yana iya matse mutum da bango direba bai gani ba. Mu gaya wa yaranmu su tsaya inda hannun katafila ba zai kai ba ko an miƙe shi duka. Mai talla da ta kawo wa leburori abinci ta jira sai an ajiye bokiti ƙasa, an kashe injin.