Karyayyen Awarwaro Ba Abin Yarwa Ba Ne

Uwargida, in awarwaronki na azurfa ya karye, kada ki yar. Kai wa maƙerin fari ya narka.

Da farko zai auna. Ki tsaya a auna a gabanki, ki rubuta nauyin. Sannan ya tsince gurɓin. Maganaɗisu yana kama ƙarfe, ba ya kama azurfa. Dalma ce mugun abu. Ko kaɗan ta shiga, azurfar za ta riƙa tsagewa in ana dukanta.

Sai ya zuba a ɗan kaskon yumɓu, ya sa cikin garwashi, yaro yana zuga. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma azurfa zalla sai wajen 962 take narkewa. Yakan barbaɗa sinadari don datti ya taso.

Mazubin ƙarfe ne mai kwarmi. Dole a ɗumama shi, a shafa masa mai. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya sa narkakkiyar azurfa ta fantsamo a fuska, shi ya sa ake korar yara. A tashi ɗaya ake zubawa.

In ta huce, ga 'yar sanda. Ita ake bugawa a yi zobe ko 'yan kunne. A sake aunawa. Nauyi yakan ragu kaɗan saboda datti. In ragin ya yi yawa, ki tambaya.