Ƙaramar Kwamfutar Da Ke Ɓoye Cikin Na'urori

In an ce kwamfuta, mutane da yawa akwatin nan mai gilashi da ake ajiyewa bisa tebur a ofis suke tunawa. Alhali kuwa mafi yawan kwamfutocin da ke aiki a duniya yau ba a ganinsu. Suna ɓoye cikin mitar lantarki, da na'urar cirar kuɗi, da injunan masana'antu, da kayan awo na asibiti. Kowace aiki guda aka ɗora mata, ba ta san wani ba.

Kwamfutar ENIAC da aka nuna wa jama'a a Amurka cikin 1946 nauyinta ya kai wajen tan 30. A 1971 kamfanin Intel ya fito da ƙwaƙwalwar kwamfuta a kan 'yar ƙwaya guda. Tun daga nan abin ke ta ƙanƙancewa, har aka kai ga ɗan allon da muke magana a kansa.

Shi wannan ɗan allo yana ɗauke da ƙwaƙwalwa mai lissafi, da ma'ajiyar bayani, wani lokaci har da abin kama intanet ba da waya ba. Amma ba shi da wurin haɗa komai, sai an ɗora shi bisa wani allo na biyu, watau allon gindi, wanda kowane maƙeri ke tsarawa gwargwadon bukatarsa. Ku dubi injin dizal: a sa masa bel ya juya niƙa, a kai shi fadama ya ja ruwa. Inji ɗaya ne, abin da aka ɗaura masa ne ya bambanta. Misali, kamfanin Raspberry Pi na Ingila ya fara sayar da irin wannan allo a 2014. Samfurin da ya fitar a 2020 tsawonsa milimita 55 ne, faɗinsa 40, bai ma kai katin banki ba, an kuwa fara sayar da mafi arharsa a kan dala 25.

Me ya sa aka raba aikin biyu? Domin wuyar tana tsakanin ƙwaƙwalwa da ma'ajiya, inda siraran hanyoyin tagulla ke jere hawa-hawa, kuskure kaɗan ya ɓata allon duka. Ƙaramin kamfani ba shi da kuɗin wannan aiki. In ya sayi ɗan allon a haɗe, sai ya mai da hankali ga allon gindi, wanda injiniyoyi kaɗan ke iya tsarawa. A nan ne samarinmu da suka fito daga jami'o'i da kwalejojin fasaha ke da ƙofar shiga. Sa'an nan akwai ƙa'idoji, irin su COM Express ta 2005, waɗanda suka daidaita girman allo da bakin haɗinsa, don a iya cire tsoho a sa sabo.

To, sai dai mai saye ya lura. Kayan da aka ƙera don ofis galibi iyakar juriyarsu digiri 70 ne, na masana'antu kuwa sukan jure har 85. Akwatin ƙarfe da ke tsaye cikin ranar bazara cikinsa ya fi waje zafi nesa ba kusa ba, ga ƙurar hunturu, ga wutar da ke hawa da sauka. Arha a nan ba ta da riba.

Har ila yau, duk na'urar da aka haɗa da intanet lalle ne a sauya kalmar sirrin da ta zo da ita. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da na'urorin rarraba intanet waɗanda masu su ba su sauya ba, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka a Amurka.

Kuma a tambayi mai sayarwa shekara nawa zai ci gaba da sabunta manhajar. Masu mitar biya-kafin-sha sun ga dalili. A da, lambobi 20 da ake saye suna ɗauke da ƙidayar mintoci wadda ta faro daga 1993, ƙidayar kuwa ta cika a ran 24 ga Nuwamba, 2024. Shi ya sa kamfanonin rarraba lantarki suka ba masu mita lambobi biyu na musamman su shigar, domin mitar ta ci gaba da karɓar sababbin lambobi.