Yadda Kuringar Inabi Ta Zauna A Ƙasar Ƙanƙara

Duk wanda ya ji an ambaci kuringar inabi, hankalinsa yakan tafi ƙasashe masu ɗumi, irin su Italiya da kudancin Faransa. Da wuya mutum ya tuna da jihar Minesota, can arewacin Amurka a bakin iyakar Kanada, inda sanyin hunturu yakan kai digiri 30 ƙasa da sifiri, har tafkuna su daskare motoci su riƙa bi ta kansu. Amma ga shi a yau akwai gonakin inabi birjik a wannan jiha, da gidajen yin ruwan inabi masu yawa. Mai karatu zai so ya ji yadda aka yi haka.

Wahalar Farko

Inabin Turai, wanda aka fi yin ruwan inabi da shi a duniya, ba ya jure irin wannan sanyi. Idanun da za su yi toho sukan mutu, wani lokaci ma kuringar duka ta bushe. Sa'ad da wani lauya mai suna David Bailly ya dasa gonarsa kusa da garin Hastings a 1973, shi da sauran manoman farko sun sha aiki. Kafin hunturu sai a kwance kuringa daga kan waya, a kwantar da ita a binne, in sanyi ya wuce a tone ta a sake ɗaurawa. Kowace shekara haka, kuringa ɗaya bayan ɗaya. Wannan wahala ta sa gona ba ta iya faɗaɗa, riba kuma ba ta taka kara ta karya ba.

Alhali kuwa a bakin kogunan yankin akwai inabin jeji wanda sanyi bai dame shi ba ko kaɗan. Aibinsa dai 'ya'yansa ƙanana ne, ga tsami kamar tsamiya. Abin da ake nema shi ne a haɗa jimirin na jeji da daɗin na gida a cikin kuringa guda.

Makiyayi Da Jami'a

Wanda ya ba da ransa ga wannan aiki shi ne Elmer Swenson, wani mai kiwon shanun madara a Osceola, cikin jihar Wiskonsin da ke maƙwabtaka. Tun 1943 yake ɗibar garin furen wannan kuringa yana sa wa waccan, ya shuka ƙwayar, ya jira shekaru ya ga abin da za ta haifa. Ba shi da digiri, sai ido da haƙuri. A 1969 ya kama aiki a gonar bincike ta Jami'ar Minesota, wadda take aikin kyautata irin itatuwa tun 1908. Wajen ƙarshen shekarun 1970 shi da jami'ar suka fitar da iri biyu tare, wato Edelweiss da Swenson Red. Mutum ne kuma mai sakin hannu, gama ya riƙa raba rassan kuringoginsa ga masu son gwadawa.

Daga tsakiyar shekarun 1980 jami'ar ta maida hankali sosai ga inabin da zai yi ruwan inabi mai kyau, inda Peter Hemstad ya yi shekaru da dama yana wannan aiki. Akan shuka dubban ƙwayoyi, a bar sanyi da cututtuka su tace su, a zaɓi 'yan kaɗan. Kafin iri ɗaya ya isa hannun manomi yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Da haka aka samu Frontenac a 1996, wanda yake tsayawa kan waya duk hunturu ba sai an binne shi ba. La Crescent ya biyo baya a 2002, iyayensa biyu kuwa daga aikin Swenson suka fito. Sai Marquette a 2006, wanda jika ne ga sanannen inabin Faransa, Pinot noir.

Rabon Manoma Da Masu Matsewa

Jami'a kaɗai ba za ta iya ba. Manoma sun kafa ƙungiyarsu ta masu noman inabi a 1976, kuma a gonakinsu ne akan gwada sabon iri a ga halinsa a ƙasa dabam dabam. A 1980 jihar ta yi dokar da ta ba manomi izinin yin ruwan inabi a gonarsa ya kuma sayar a nan. Haka kuma masu sayar da dashe sukan biya jami'ar wani ɗan kuɗi a kan irin da ta yi wa rajista.

Da aka ci nasara kan sanyi, sai tsami ya tsaya. Frontenac ya gaji tsamin inabin jejin da ya haife shi, dabarun Turai kuwa ba su dace da shi sosai ba. Masu matsewa suka kai kuka, jami'ar ta buɗe ɗakin gwajin ruwan inabi a 2000. A 2011 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta ba da kuɗi aka kafa wani shiri na jihohin arewa, wanda Jami'ar Cornell ta Niyok ta jagoranta, ya haɗa jami'o'i fiye da 10 da ƙungiyoyin manoma da masu matsewa. Sun bincika lokacin da ya dace a yanke nonnan inabi, da yadda za a ɗaura kuringa rana ta same ta, da irin yistin da ke rage tsami, har da hanyar jawo masu saye. Masu haɗa iri su ma suka ji kukan, domin Itasca da aka fitar a 2017 tsaminsa bai kai na magabatansa ba.

Har wa yau aikin bai ƙare ba. Mugun sanyin da aka yi a farkon 2014 ya ɓata gonaki da yawa, ya nuna cewa jimirin kowane iri yana da iyaka. Amma a wannan karo manomin da ya yi asara yana da ƙungiya da masana da zai je wurinsu.

Swenson ya rasu a 2004 yana da shekara 91, bayan ya ga gonakin inabi sun tsaya a inda dā aka ce ba zai yiwu ba. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Makiyayi ya fara, malaman jami'a suka ɗora, manoma suka ba da gonakinsu, masu matsewa suka faɗi abin da ya rage a gyara. Da ɗayansu ya riƙe saninsa shi kaɗai, da watakila har yanzu ana binne kuringa a Minesota.