Tsutsar Hanta: Yaƙin da Ake Yi a Cikin Hantar Saniya

A mayankar Abbatuwa ta Fagge, cikin birnin Kano, malaman dabbobi suna duba hantar shanu kafin a kai nama kasuwa. Wata hantar takan wuce har Kasuwar Sabon Gari, wata kuwa sai a hana sayar da ita. Idan aka tsaga irin wannan hanta, za a ga waɗansu fararen jijiyoyi masu kauri. Wuƙa tana ƙara a kansu kamar ta taɓa yashi. Waɗannan su ne hanyoyin da ruwan maɗaciya yake bi daga hanta zuwa hanji. Me ya mai da su haka?

Mafarin abin

Wata tsutsa ce mai faɗi kamar ganye, tsawonta yakan kai inci 3. Ƙwanta yana fita tare da kashin saniya. In ya sami ruwa sai ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin ƙaramar katantanwa ta fadama. Daga nan sukan fito su manne a ciyawa. Masana biyu, Thomas a Ingila da Leuckart a Jamus, su ne suka gano aikin katantanwa cikin wannan cuta tsakanin 1881 da 1883.

Saniya ta ci ciyawar, ƙaramar tsutsa sai ta huda hanji, ta ratsa naman hanta na tsawon makonni, kana ta zauna a hanyar maɗaciya. Bayan wata 3 zuwa 4 da shigarta, sai ta soma yin ƙwai.

Sojojin jiki

Allah ya sa wa jini fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki. Da tsutsa ta shiga, sai su taru a kanta. Waɗansu, da likitoci suke kira iyosinofil, suna zuba mata dafi. Waɗansu suna haɗiye naman da ya mutu. Waɗansu kuma suna ƙera makaman da za su manne a fatarta.

Amma tsutsar tana da wayo. Tana sabunta fatarta a kai a kai, makaman su zube tare da tsohuwar. Tana kuma fitar da wani ruwa mai sanyaya ƙarfin sojojin. Saboda haka yaƙi ba ya ƙarewa. Dafin da aka nufi tsutsa da shi yana ƙona bangon hanyar, ƙayoyin jikinta kuma suna kankare shi. Jiki ya gyara da tabo, gobe a sāke rauni, a sāke tabo. A kwana a tashi sai bango ya yi kauri, hanya ta ƙuntata, a cikin shanu har ta daskare kamar dutse. Ashe ɓarnar ba ta tsutsa kaɗai ba ce. Wani rabo daga yaƙin da ya ƙi ƙarewa ne.

Ku riƙe wannan, 'yan'uwa: magani yana kashe tsutsa, amma tabo mai tauri ba ya gushewa duka. Wanda ya jinkirta ya yi hasara.

Alamu

Tsutsar tana shan jini. Dabba takan rame ko da tana cin abinci. Cikin idonta da dasashinta su yi fari, ƙarƙashin haɓa ya kumbura, nono ya ragu. An fi kamuwa da rani, lokacin da garke yake taruwa a fadama da bakin magudanan noman rani. Shi ya sa sān noma yakan kāsa jan garma daidai faɗuwar damina.

Abin da ƙungiya za ta yi

1. Ku shayar da shanu daga rijiya ko a kwami, maimakon kududdufi.
2. Ciyawar fadama, a yanke a shanya ta bushe sarai, a ajiye kafin a ba dabba.
3. Ku haɗa kuɗi ku gayyato malamin dabbobi ya duba kashin shanu, ya tsara muku lokacin ba da magani. Triclabendazole yana kashe manya da ƙanana. Albendazole manya kaɗai yake kashewa, ba a kuwa ba saniya mai sabon ciki.
4. Ku tambayi kwana nawa za a jira kafin a sha nono ko a yanka.
5. Tumaki da awaki ma suna kamuwa. A yi musu magani tare da shanu.
6. Mutum yakan kamu ta wurin ɗanyen ganyen bakin ruwa ko ruwan fadama. A dafa ganye, a tafasa ruwa.

Dabbobinmu amana ce daga wurin Ubangiji. Shugabanni, ku karanta wa membobi wannan a taro mai zuwa, ku sa ranar kiran malami tun kafin ruwan fari ya sauka.