Makarantar Gwamnati ko ta Kuɗi? Uwa ma Tana da ta Cewa

 

Yau maganarmu a kan gardamar nan ce da kike jiyowa daga zaure: wannan ya ce a kai yaro makarantar kuɗi, wancan ya ce ta gwamnati ta fi. Ana gama musu, kuɗin littafi da na kayan makaranta sau da yawa daga adashinki za su fito, ko daga cinikin ƙuli-ƙuli da soyayyen kifi. To ashe ke ma kina da ta cewa.

Mu fara da ta gwamnati. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne, kuma dole ne. Ba a korar ɗan talaka. Amma kin san cikar aji, kin san zaman ƙasa. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa. In ya makara, ƙungiyarsu ta NUT, wadda aka kafa tun 1931, takan kira yajin aiki, yara su dawo miki gida.

Ita ta kuɗi, mai makaranta yana tsaye a kan malamansa, ba kasafai ake yajin aiki ba. Sai dai albashin malamin yakan zama ɗan kaɗan, da ya sami wani aiki ya tafi. Ranar da kuɗin zango ya gagara kuwa, ɗanki ne za a koro.

A Amurka sun ɓullo da hanya ta uku. Tun 1991, a jihar Minesota, aka fara ba wata ƙungiya ko kamfani izinin tafiyar da makaranta bisa yarjejeniya. Gwamnati ke biya, iyaye ba sa ba da ko kwabo, in yara ba sa koyo a soke yarjejeniyar. Yawancin malamansu ba sa cikin ƙungiya. Ƙungiyoyin malamai suka ce ai kwashe kuɗin makarantun jama'a ake yi. Da aka auna, wasu makarantun sun fi na gwamnati, wasu ko kusa ba su kai ba.

Kada ki ce wannan labarin nesa ne. A 2006 gwamnatin tarayya ta so shigo da 'yan kasuwa cikin tafiyar da kwalejojinta, irin ta Birnin Yauri. Malamai da iyaye suka ƙi, daga baya aka janye shirin. A Kaduna kuma, a 2017, gwamnati ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce sama da dubu 21 sun faɗi, ta sallame su, NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018.

Wa ke da gaskiya? Kowa yana da rabi. Malamin da bai ci ba ba zai koyar ba. Malamin da ba mai duba shi kuma, ko an biya shi, sai ya bar aji ya tafi gonar albasarsa. A biya shi, a kuma sa masa ido, ko makarantar ta wane ce.

Nan aikinki ya zo, kuma ba sai kin fita ba. Idan yaro ya dawo, tambaye shi: "Malam ya zo yau? Me ya rubuta a allo?" Buɗe littafinsa ki duba jan biro. Ko ba ki yi boko ba, kin san shafin da aka duba da wanda ba a taɓa ba. Ba shi takardar magani ko kwalin ashana ya karanta miki. Ɗan aji uku da ya kasa haɗa baƙi, akwai gyara, ko nawa ake biya. Ki faɗa wa maigida cikin ladabi ya kai maganar taron iyaye da malamai. Ki kuma rage wa 'yarki talla da safe, don malami ba ya koyar da benci.

Gani ya kori ji, 'yar'uwa. Kada kyan riga da fentin bango su ruɗe ki.

Allah Ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.