Kafin A Kai Aikin Sitika Maɗaba'a

Tun kaka da kakanni kowane makiyayi yana da shaidar da yake gane dabbarsa da ita, wani ya tsaga kunne, wani ya yi lalas a cinya. Mu fatake kuwa fenti muke shafa wa sa a gadon baya kafin a loda shi. Yanzu ga wata shaida ta shigo mana, wato sitika, wadda ake mannawa a gilashin kamiyo, da ƙofar rumfar dillali, da ledar kilishi. Aikinta yana cin kuɗi, kuma sunanmu ne a jikinta.

Sitika iri biyu ce, ta takarda da ta roba. Ta takarda tana da araha, amma aikinta a inuwa ne. Motar da za ta tashi daga Maraɗi ta bi Ɗan Isa da Jibiya ta gangara Legas, ta sha rana da ƙura da ruwan kudu, ga wanki a tasha, sai dai ta roba, a kuma ce a shafe samanta da leda. A rage launin ja da ruwan ɗorawa, don su ne ke fara koɗewa. Baƙi ya fi jure rana. Buhun dusa ko na angurya kuwa gam bai cika kama shi ba, gara a ɗinke lakabin tare da bakin buhu.

Batun farashi, sai an san injin. Akwai mai aiki da faranti, kowane launi da farantinsa, hoto mai cikakken launi yana cin huɗu. Kuɗin faranti sai an biya shi, ko 100 za a buga ko 10,000, shi ya sa aiki mai yawa yake faɗowa da sauƙi. Akwai kuma mai bugawa kai tsaye daga kwamfuta, wanda ya dace da mai son 50 ko 100. Wanda aka ba farashi da naira a Kano, ya lissafa canji da kuɗin mota da na duwan kafin ya ce ya fi na Damagaram araha.

Sai rubutu, inda aka fi yin ɓarna. Sau da yawa mai tsara aiki yakan zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, ko ya sa inda babu, sai kasuwar kara ta koma ta ƙara, kamar wurin shari'a. Kada a yarda da hoton da aka turo ta waya kawai, launin waya daban, na bugu daban. A ce a buga samfur guda, mutum biyu su karanta shi harafi-harafi, a kira lambar wayar da ke jiki a ji ta shiga, a tabbata an sa +227 saboda abokan ciniki na ƙetare. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, to a sa ta a sama, Faransanci ko Turanci ya biyo.

A ganinmu bai kamata a buga aya ko sunan Allah a lakabin da ƙarshensa juji ne ba. Mu da aka koya wa tsince takarda mai rubutun Alƙur'ani daga ƙasa, bai dace mu biya kuɗi a buga mana dubu a watsa a tasha ba.

Babban abin tsoro shi ne sitikar ƙungiya. Ba ta maye gurbin takardar likitan dabbobi ko ta duwan, amma mutane suna ganinta su saki jiki da mota. Duk mai waya zai iya ɗaukar hotonta ya kai a buga masa. Ranar da aka kama shanun sata a motar da ke ɗauke da alamarmu, ba direba kaɗai za a tambaya ba, har mu. Saboda haka kowace sitika ta zo da lambarta a jere da shekararta, magatakarda ya rubuta a littafi: lamba kaza, mota kaza, mai ita wane. A yi yarjejeniya a rubuce da mai maɗaba'a cewa ba zai ƙara ko guda ba, waɗanda suka lalace wajen bugu ya maido su a ƙirga, kuma ba zai karɓi saƙon ƙari ba sai da sa hannun shugaba da tambarin ƙungiya.

'Yan'uwanmu masu kilishi su ma su kula. Hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde ta yi wa sunan Kilichi du Niger rajista, yana da sharuɗɗansa, sai a tambaya kafin a buga shi. Lakabi a bayan leda ake manna shi, ledar kuma a goge ta, don mai yana ɗaga gam. A bar fili na ranar da aka yi kilishin da nauyinsa, a riƙa cikawa da biro. Mai kai kaya Najeriya kada ya yarda a ƙirƙira masa lambar NAFDAC don ado, hukumar ce kaɗai ke ba da ita.