Jaririn Da Ke Haki Wajen Shan Mama

Jama'ar Kunci, ku saurara. A zuciya, wajen hagu, akwai wata ƙofa mai ƙyaure biyu da ke hana jini komawa baya. Jefi-jefi akan haifi yaro da ƙofar nan a tsuke, sai jini ya taru a huhunsa. In jaririnka yana haki da gumi wajen shan mama, ba ya ƙiba, kada ka ce iska ce. Kawo shi ɗakin magani. Mu kam sai dai mu saurari ƙirjinsa, mu ba ka takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Can akwai na'ura mai nuna ƙofar nan da amon sauti, dabarar da aka soma a Suwidin cikin 1953. Ba yanka, ba zafi. Kada ka jira sai bayan girbi.